Kason Usta Fahim

Alhamis, 10 ga Oktoba, ƙarfe 2 na rana, tashar Marsa Alam

Yau an raba tukwici babu Usta Fahim. Shekarata shida a jirgin nan, ban taɓa ganin haka ba.

Zan fara da abin da kowa ya sani, kamar yadda aka koya mana a gidan jarida. Ranar Talata da sassafe, wata baƙuwa mai suna Katrin, 'yar Ostiriya, ta suma a cikin teku, a zurfin mita ashirin da biyu. Ni ne jagoran masu nutso, ni na fito da ita. Tana asibiti, tana magana, likita ya ce da ƙafarta za ta koma gida. An gwada tukunyar iskar da ta goya, an samu hayaƙin janareta a ciki. Usta Fahim ne ke cika tukwanen iska. Mai jirgi, Nagi Basha, ya sauke shi tun ranar da muka kawo ta tasha. Kwamitin hukumar nutso zai zauna ranar 24 ga wata. Idan suka ɗora masa laifin za su karɓe takardarsa, kuma daga Hurgada har iyakar Sudan babu jirgin da zai sake ɗaukar sa. Shekararsa hamsin da tara. Ba shi da wata sana'a.

Bayan baƙi sun sauka, Rayyis Gad ya ɗora akwatin katakon a kan teburin cin abinci ya buɗe. A wasu jirage jagora yana da ambulan ɗinsa daban, ma'aikata nasu daban. A jirginmu, Sitt Zahira, akwati ɗaya ne. Rayyis ne ya kafa dokar tun kafin in zo: duk abin da baƙo ya ba ka, ko a hannu, ko a aljihu, ko a ƙarƙashin faranti, akwati za ka kai. Kashi goma sha ɗaya daidai wa daida, daga shi mai tuƙa jirgin har mai wanke banɗaki. Wanda kuma ya sauka ba da son ransa ba, ana ajiye masa kasonsa Alhamis uku. A ta huɗu wanda ya maye gurbinsa ya shiga lissafi.

Kuɗin wannan satin sun fi na kowane sati tun farkon shekara. Baƙi sun naɗe wasu da takarda, sun rubuta sunana. Rayyis ba ya karanta Turanci, ni ya miƙo wa.

"Me suka ce?"

"Godiya suke yi."

"Jarumi!" in ji Abanub, mai dafa mana abinci. "Miƙo hannun in shafa, ko ni ma Turawa za su gan ni. Shekara tara ina soya musu ƙwai, ko sunana ba su iya ba."

Aka yi dariya kaɗan. Rayyis bai yi ba. Ya zuba kashi na sha ɗaya a ambulan, ya turo mini in rubuta sunan Usta, don rubutuna ya fi kyau.

Na rubuta. Na mayar masa.

Juma'a, 11 ga Oktoba, ƙarfe 9 na safe

Kafin mu tashi da sababbin baƙi, Nagi Basha ya kira ni cikin motarsa. Sanyin na'ura, ƙamshin turare.

"Ustaz Ramzi, kai ne mai alƙalami a cikinmu. Rubuta mana rahoto mai tsafta. Gajere. Kada ka sa komai da zai sa su yi ta tambaya."

Shekara goma sha ɗaya na yi a teburin labarai a Iskandariya kafin jaridar ta rufe. Minti ashirin ya ishe ni. Lokacin shiga ruwa, zurfi, lokacin fitowa, lambar tukunya, wanda ya cika ta, da ƙarfe nawa. Babu ƙarya ko ɗaya a ciki. Na sake karantawa sau biyu don in tabbatar.

Tsohon editana yakan ce mai karatu ba ya taɓa ganin jimlar da ba a rubuta ba. A matsayin gargaɗi yake faɗa mana.

Nagi Basha ya karanta, ya daki kafaɗata. "Da kowa irinka ne, da na huta."

Lahadi, 13 ga Oktoba, ƙarfe 6 na safe

Iska daga arewa, mai ƙarfi. Tun ranar Laraba ba ta tsaya ba.

Litinin, 14 ga Oktoba, ƙarfe 1 na rana

Sunan sabon mai injin cika tukwane Subhi. Mutumin kirki ne, ya yi aiki a otal, yana da agogon gwada iska a cikin jaka mai zif. Ranar farko ya kwance ƙyallen Usta daga jikin ƙarfen baranda ya goge hannu da shi. Ya zaci tsumma ne.

Tsumma ne ɗin. Jan ƙyalle daga wata tsohuwar riga, a ɗaure kusa da bakin tiyon da injin ke zuƙo iska. Janareta ba ya mutuwa saboda sanyin ɗakunan baƙi, hayaƙinsa kuma ta baya yake fita. Muddin iska na kaɗawa daga gaba, hayaƙin teku yake bi. Idan ta tsaya, sai ya kewaye jirgi ya zauna. Don haka Usta ba ya kunna injin sai ya fito ya dubi ƙyallen. In yana tashi, ya cika. In ya kwanta, ya dafa shayi ya jira. Na sha ganin baƙi da kayan nutso a jikinsu suna duban agogo, shi yana zaune yana hura shayi. Injin ya cinye masa kunne ɗaya da rabi, don haka ƙorafi ba ya isa gare shi.

Shekara ashirin da shida shi da Rayyis suna tare, jirgi uku. Abin da Rayyis ya kasa ganewa ke nan. Ɗazu a ɗakin tuƙi ya ce da ni, ba tare da ya juyo ba:

"Na tambaye shi a asibiti, Fahim, me ya kai ka? Ya dube ni kamar na zagi uwarsa. Bai ce komai ba. Tsufa ne, Ramzi? Haka yake zuwa?"

Na ce ban sani ba.

Laraba, 16 ga Oktoba, ƙarfe 7 na yamma

Jawabin tukwici. Duk Laraba bayan cin abinci ni ke yin sa, don ni ke jin harshensu. Na nuna akwatin, na faɗi abin da aka saba bayarwa, na ce ba dole ba ne, na yi murmushi yadda za su gane dole ne. Albashin mai wanke banɗaki ba ya kai masa sati biyu, akwatin nan ne ke ciyar da gidansa.

Akwai jimlar da nake rufewa da ita shekara shida. Nakan ce, ni kuna ganina kullum, amma akwai wani mutum a ƙasa da ba ku taɓa gani ba, kuma duk numfashin da kuka ja a cikin ruwa, hannunsa ne ya zuba muku. Daga nan sai Abanub ya jawo Usta daga bayan ƙofa, yana goge hannu, a tafa masa, shi kuwa ya ɗaure fuska.

Yau da na zo wurin sai na ce a sha shayi lafiya.

Wata mata daga Holan ta biyo ni baranda. Ta karanta labarin Katrin a intanet. Ta cusa mini yuro hamsin a hannu, ta ce wannan nawa ne ni kaɗai. Na kai akwati nan take, a gaban kowa, har na ɗan buga murfin don a ji.

Alhamis, 17 ga Oktoba, ƙarfe 3 na rana, tasha

Alhamis ta biyu. Na sake rubuta sunansa. Ambulan biyu yanzu a aljihun teburin Rayyis. Bai aika masa ba, shi ma bai aiko ba.

Na shiga kicin neman shayi. Abanub yana yanka albasa ta baƙin gobe. Ya zuba mini ya turo. Babu sukari.

"Ka manta sukari."

"Ban manta ba, ranka ya daɗe. Sukari na masu kaso ɗaya ne. Masu kaso biyu su sayi nasu."

Na ajiye kofin.

"Jiya ka burge ni," ya ci gaba, wuƙa ba ta tsaya ba. "Yuro hamsin, ƙwas, cikin akwati! Har da ƙara. Na ce ka ga ɗan halak. Sai na tuna wata Litinin, ina kwashe kofuna, na ga wata takardar kuɗi ruwan ɗorawa ta fita daga hannun mijin matar nan da ta suma. Ita ban ji ƙarar faɗuwarta ba. Ko kunnena ne ya fara bin na Usta?"

"Ka gaya wa Rayyis?"

"Ni? Ni mai albasa ne. Abin da na gani kuɗi ne kawai, ban san abin da aka saya da su ba. Kai ne ɗan jarida."

Ya share idonsa da bayan hannu, ya ce albasar bana tana da yaji.

Asabar, 19 ga Oktoba, ƙarfe 5 na yamma

Takardar kuɗin tana cikin littafin tarihin da nake karantawa, shafi na 114. Kwana goma sha biyu ban wuce shafin ba.

Litinin, 21 ga Oktoba, ƙarfe 2 na rana

Katrin ta aiko da saƙo daga gida. Tana mantuwa kaɗan, kanta na ciwo da yamma, amma ta koma aiki rabin yini. Ta ce 'yarsu ta zana hotona da fukafukai. Ta ce ba ta riƙe tsohon a zuciya ba, kowa na kuskure.

To, bari in rubuta, tunda littafin nan ba kwamiti ba ne.

Litinin ɗin can, iska ta faɗi da la'asar. Tukwane duk babu komai bayan nutson yamma. Usta ya ce sai gobe wajen bakwai, in iska ta tashi. Lukas, mijin Katrin, likitan haƙori ne, shekara uku yana zuwa don ya ga kifayen nan masu kan guduma, bai taɓa dacewa ba. Da fitowar alfijir suke hawowa sama. Ya same ni a wurin shayi ya ce, mu uku kawai, ƙarfe biyar da rabi, kafin sauran su tashi. Ya sa mini yuro ɗari biyu a tafin hannu ya rufe da nasa.

Ba na cikin wata matsa. Na biya haya, mahaifiyata lafiyarta ƙalau. Na bincika kaina da kyau don in samu dalilin da zan rubuta a nan, ban samu ba. Na dai ji daɗin a ce abu nawa ne, ba sai an raba goma sha ɗaya ba.

Ina da tukunyata ta ajiya, cike tun ranar Lahadi. Biyu kawai ake buƙata.

Da Usta ya idar da sallar asuba na same shi. Ya fita baranda ya dubi ƙyallen. Teku kamar an shimfiɗa mai. Ya dawo ya girgiza kai.

"A'a, ɗana. Dubi."

Na yi masa magana. Dole sai da na kai bakina kunnensa saboda ƙarar janareta. Ya daɗe yana kallona. Sannan ya je ya kunna.

Mun ga kifayen kuwa. Bakwai. Lukas yana ɗaukar hoto lokacin da hannun matarsa ya saki nasa.

Alhamis, 24 ga Oktoba, ƙarfe 11 na safe, tasha

Usta ya zo. Daga Kusair ya shigo motar haya, da jallabiya mai ruwan toka a goge, zai wuce wurin kwamiti ƙarfe ɗaya. Ya tsaya a kan gaɓa, bai taka katakon hawa jirgi ba. Ya rame.

Rayyis ya sauko da ambulan uku. Suka tsaya, taku biyu tsakaninsu.

"Kasonka, Fahim."

Usta ya karɓa, ya sa a aljihu bai duba ba.

"Ba abin da za ka ce mini?" in ji Rayyis.

"Ni zan ce maka?"

Shi ke nan. Rayyis ya juya ya hau. Mutanen da suka yi shekara ashirin da shida suna cin wake a kwano ɗaya.

Na raka shi bakin titi. Ya riƙe hannuna kamar yadda ya saba, yana magana da ƙarfi irin ta wanda ba ya jin kansa.

"Kada ka damu, ɗan jarida, ba zan ambace ka ba. Kai ɗan aike ne. Gad ma ba zan ambace shi ba. Yana da 'ya'ya biyu a jami'a, in suka karɓe tasa takardar, gida biyu ne suka mutu maimakon ɗaya. Ni na danna, ni zan ɗauka. Amma ya dubi idona ya tambaye ni wai me ya kai ni? Wannan ne ba ya barina barci."

Abin da na faɗa masa a kunne ran nan shi ne: Rayyis ne ya ce a cika.

Rayyis yana ɗakinsa a lokacin. Bai san komai ba. Na san sunansa kaɗai ne zai sa Usta ya ƙi bin ƙyallen, shi ya sa na yi amfani da shi.

Mota ta zo. Na buɗe masa ƙofa. Har na biya masa kuɗin motar.

Alhamis, ƙarfe 6 na yamma

Sun karɓe takardar. Zaman minti arba'in. An ce sun yaba da tsaftar rahoton.

Lahadi, 27 ga Oktoba, ƙarfe 6 na safe

Iska daga arewa. Nutso huɗu. Kowa ya fito.

Talata, 29 ga Oktoba, ƙarfe 4 na yamma

Na lissafa abin da zai faru idan na yi shiru: babu komai. Lukas ba zai yi magana ba, shi ma yana da abin ɓoyewa, matarsa ba ta san ya biya ba. Abanub rabi ya sani. Tsofaffin biyu ba za su sake zama wuri ɗaya ba balle su gano. Ban taɓa ganin labarin da ya rufu ruf kamar wannan ba.

Rayyis ya daina cin abinci da mu. Abanub na kai masa sama, yana dawo da farantin kusan yadda ya tafi.

Laraba, 30 ga Oktoba, ƙarfe 7 na yamma

Jawabin tukwici. Wani baƙo ya tambaya wa ke cika tukwane, yana son ya gode masa. Subhi ya fito, aka tafa.

Alhamis, 31 ga Oktoba, ƙarfe 5 na yamma, wani ɗakin haya a gari

Zan bi shi daki-daki.

Alhamis ta huɗu. Rayyis ya buɗe akwati, ya kasa goma sha ɗaya. Ya ɗauko ambulan cikin sabo, ya turo mini da biro. Sai ya tuna. Ya janye ambulan ɗin a hankali, ya tura kashi na sha ɗaya gaban Subhi. Subhi bai ɗauka nan da nan ba, mutum ne mai kunya.

Biron yana hannuna, babu abin rubutawa.

Na tashi na shiga ɗakina na dawo da littafin. Na buɗe shafi na 114 na ajiye takardar a tsakiyar tebur.

"Wannan ta akwati ce. Ta satin Katrin. Mijinta ya ba ni don in kai su da asuba."

Babu wanda ya motsa. Abanub ya tsaya a ƙofar kicin da ludayi.

"Sati uku tana ina?" in ji Rayyis.

"A wurina."

"To. Ka ci amanar akwati. Sai me?"

Da ya tsaya a nan, da ni ma na tsaya. Na san kaina yanzu. Amma ya ce sai me.

"Usta ya duba ƙyalle, ya ce a'a. Na ce masa kai ka ce a cika."

"Ni?"

"Kai."

"Ya zaci ni ne?"

"Har yanzu. Shi ya sa bai ce komai ba a kwamiti. Kai yake rufa wa asiri."

Na zaci zai mare ni. Na so ma ya yi. Sai ya dubi hannayensa a kan tebur. Can ya ɗauki takardar ya miƙa wa Abanub.

"Canzo ta. Kashi goma sha ɗaya, na wancan satin. Ka ware na Fahim." Ya dube ni. "Kai ma da naka."

"Rayyis, ba na so."

"Ba tambayarka na yi ba. Akwati ba ya korar mutum. Ni ke korar ka. Ɗauki kasonka, ɗauki jakarka."

Ya sa takalmi, ya sauka, ya bar sauran kuɗin a baje a tebur, abin da bai taɓa yi ba. Muna kallo ya tare mota mai zuwa arewa, bai ko yi ciniki ba.

Abanub ya kawo mini kasona ina haɗa kaya. Yuro goma sha takwas da 'yan canji, an mayar da su fam, kuɗin ƙasar nan. Ya ƙirga mini a hannu, ya juya zai fita, ya tsaya.

"Na zaci ɓarawo ne kawai kai, wallahi. Da na san sauran, da tun ranar na zuba maka gishiri."

Asabar, 2 ga Nuwamba, ƙarfe 12 na rana

Na rubuta rahoto na biyu. Shafi ɗaya, ya ɗauke ni yini guda. Nagi Basha ya kira sau shida. Ya ce magana ta riga ta mutu, me ya sa zan tono ta, jirginsa ne zai sake shiga bakin mutane. Ya ce in yi shiru zai samo mini aiki a jirgin abokinsa. Na kai takardar ofishin hukuma da kaina. Sakataren ya karanta, ya ce, "Ba kai ne ka rubuta na farkon ba?" Ya nemi katina na jagora, ya sa a aljihun tebur.

Litinin, 4 ga Nuwamba, ƙarfe 4 na yamma, Kusair

Na sami Usta a ƙofar gida, ya baje famfon ruwan maƙwabci a kan buhu yana gyarawa. Mutum uku na zaune a benci suna shan shayi, mata na leƙe ta taga. Bai ɗago ba.

Na tsuguna na ce, "Usta, na zo neman gafara."

"Me?"

Na matsa kusa da kunnensa mai sauran ji. Ya kauce.

"A'a. Kunnen nan ka gama da shi. Daga nan za ka faɗa. Ɗaga murya."

Na faɗa da ƙarfi. Na ce na karɓi kuɗi na ɓoye, na yi masa ƙarya da sunan Rayyis.

"Ba na ji."

Na sake. Masu shayi sun ajiye kofuna. Mai kantin tsallaken titi ya fito.

"Da sunan wa?"

"Da sunan Rayyis Gad! Bai ce komai ba! Ni ne!"

Ya gyaɗa kai ya ci gaba da ɗaure ƙusa. Ban san ko sau nawa ya ji ba, ba zan taɓa sani ba.

"Gad ya zo," ya ce can. "Ya zauna inda kake. Ya yi kuka kamar an yi masa mutuwa, tsohon banza. Sai da na ba shi ruwa." Ya hura cikin wani ƙarfe ya duba. "Ka san abin da na gaya masa? Na ce ko da kai ne ka ce, bai kamata in kunna ba. Na ga ƙyallen da idona. Matar nan ba ta san Gad ba, ba ta san ni ba, ta sa abin a baki ta ja. Wannan nawa ne, ba naka ba. Naka daban."

Na ce, "Ka yafe mini?"

Wannan ya ji sarai.

"Miƙo mini sifana sha uku."

Na miƙa. Ba a kawo mini shayi ba. Na zauna har ya gama, famfon ya kawo ruwa, na tashi.

Alhamis, 7 ga Nuwamba, ƙarfe 12 na rana

Yanzu suke buɗe akwati.

Alhamis, 21 ga Nuwamba, ƙarfe 3 na rana

Kwamiti ya sake zama jiya. Wannan karon na je. Sun mayar da hukuncin Usta dakatarwar wata uku daga ranar da abin ya faru. Nawa katin, shekara biyu, kuma sunana na cikin takardar da za a aika wa duk jirage. Na rubuta wa Katrin ma. Ba ta amsa ba.

Da safe na tsaya nesa da tasha na hangi Sitt Zahira. An ɗaura sabon ƙyalle a baranda, shuɗi. Ban matsa ba.

Ɗazu waya ta yi ƙara. Shi ne, yana ihu kamar daga wani jirgi yake kira.

"Ɗan jarida! Watan Janairu zan koma! Gad ya ce kashi sha biyu za a riƙa yi, Subhi zai zauna, ya iya agogon nan nasa. Ka ji?"

"Na ji, Usta. Allah ya sanya alheri."

"Kai fa? Ina za ka?"

"Ban sani ba."

"Me?"

"Ban sani ba!"

Ina jin numfashinsa ta wayar.

"To," ya ce. "Wannan dai gaskiya ce."

Ya kashe.